Jikin Ya Matsa

Ranar Juma'ar da ta wuce, ina dawowa daga masallaci, na ratsa ta bayan wani gida a unguwarmu sai na ji ana kirɓin fura. Kirɓi na sosai, irin wanda taɓarya take nutsewa cikin dafaffen gari ta fito da ƙyar, ga ƙamshin citta da kanumfari ya tsallako katanga ya tare ni a hanya. Ban san lokacin da na rage tafiya ba. Yawancin mutane in suka ji wannan ƙamshi yunwa ce take taso musu. Ni abin da yake taso mini daban ne, domin ranar da aka fara sa ni yin ƙarya, furar da ake kirɓawa a gidanmu ta mamaci ce, mai kirɓin kuma ba ta sani ba.

Kafin in kai ka can, bari in gaya maka abin da yake wuyana a wannan Juma'ar, kada ka ɗauka tsohon zance kawai nake tonowa. Ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna ƙarama, ta rasu a Kalgo tun ana shuka. Ga shi gero har ya fara fid da kai, mahaifiyata tana ɗakinta a nan Gwandu ba ta sani ba. Ni ne babban ɗanta, ni ne kuma na hana a gaya mata.

Gidan da na tashi gidan allo ne. Mahaifina, wanda har mu 'ya'yansa muke kira Malam, yana karantar da yaran unguwa a zaure, a jikin bangon zauren kuma akwai ƙusa, a jikin ƙusar akwai dorina. Da wannan dorina na fara sanin daidai da ba daidai ba. Da za ka tare ni a lokacin ka tambaye ni mene ne laifi, ba zan yi dogon tunani ba: laifi shi ne abin da ake duka a kansa, girmansa kuma girman ɓarnar da ido ya gani. A lissafina, yarinyar da santsi ya kwashe ta fasa tulu ta fi yaron da ya laɓaɓa ya saci ƙuli-ƙuli zunubi, saboda tulu ya fi ƙuli-ƙuli girma. Ban ma san ana duba niyya ba.

Abu ɗaya Malam ba ya yafewa, shi ne ƙarya. Ka zubar da tawada, ya yi maka faɗa ya wuce. Amma in ka ce ba kai ba ne alhali kai ne, ranar sai an ji kukanka a gidan maƙwabta. Don haka na zama mai gaskiya, har gaskiyar ta yi yawa. Wa ya sha nonon da aka rufe, wa ya yi dariya ana salla, duk ni ake tambaya, wani lokaci ma ba a tambaya nake kawowa. Matan gida suka sa mini suna gidan rediyo. Kada in yaudare ka da cewa tsoron Allah ne ya kai ni haka. Na dai lura tun da wuri cewa wanda ya riga kai ƙara ba a cika dukansa ba.

Mutum ɗaya ce take ganin wannan hali nawa da daraja, ita ce Kaka, mahaifiyar Malam. 'Yar Kalgo ce, ɗiyar masunta, kuma har ta tsufa a Gwandu ba ta yafe wa mutanen garin miyar da ba kifi ba. Maigida take kirana, kamar yadda kakanni suke yi wa jikoki, kullum tana ƙorafin ta auri malalaci, ba cefane ba tufafin salla. Ni nake raka ta unguwa, a ɗakinta nake kwana. In gardama ta kaure a tsakar gida kan wa ya yi me, sai ta ce a kira mata maigida, shi ba ya ƙarya. Sai in taho ina ɗaga kafaɗa.

Dangin Kaka duk sun ƙare sai ƙaninta guda, wani dogon tsoho masunci da ya rage a Kalgo. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita ta goye shi, don haka ko da furfura ta cika masa kai, in za ta ambace shi yaron nan take cewa. Yakan zo mana bayan girbi da kwandon kifi banda, ya zauna a ƙofar ɗakinta yana shan furarta yana tsokanata, wai na bar 'yar'uwarsa ta rame. Ban taɓa ganin Kaka tana dariya har da hawaye ba sai in yana nan.

Abin ya faru da bazara, irin zafin nan da ƙasa take ƙona tafin ƙafa tun da hantsi. An tashi yara, ni kuma Malam ya tsare ni a zaure saboda karatuna bai zauna ba. Sai ga wani saurayi ya yi sallama, ya ce daga Kalgo yake. Suka gaisa, suka sake gaisawa, sannan ya rage murya ya ce an yi rashi. Ƙanin Kaka ne. Zazzaɓi ya kwantar da shi 'yan kwanaki, da asubahin ranar Allah ya karɓi abinsa. Ya ce mutanen gida za su jira yayarsa ta zo ta gan shi ta yi masa addu'a kafin a fita da shi, amma da wannan zafi ba za su iya wuce azahar ba.

Malam ya yi salati ya shafa fuska. Da ya juyo sai ya gan ni rungume da allo, kunnuwana a tsaye.

"Ka ji abin da anka ce?"

Na ce na ji.

"To ba ka ji ba. Jikin na yam matsa, shi kaɗai ka sani. In bakinka ya yi tsawo, ni da kai na."

In kai ɗan ƙasarmu ne ka san wannan al'ada. Ba a jefa wa mutum labarin mutuwar nasa haka kawai, musamman tsoho, ko mai ciki, ko wanda yake da tafiya a gabansa. Sai a ce masa jikin wane ya matsa, ana nemansa. A ɗauko shi a kawo shi gida, a zaunar da shi cikin 'yan'uwa, sannan a faɗa masa, ko idonsa ya faɗa masa. Ni dai a ranar ban san komai ba sai cewa mutumin da yake dukanmu saboda ƙarya ya umarce ni in yi ta.

Malam ya shiga ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka ya ce jikin ƙaninta ya matsa, ta shirya su tafi yanzu. Ta kafe shi da ido. Ita ma ai ta sha faɗa wa wasu wannan magana. Ta tambaya ko yana cin abinci, aka ce ya kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba. Sai ta tashi kamar za ta kewaya, ta yafuto ni zuwa bayan rumbu inda ba mai ganinmu. Ta dafa kaina.

"Maigida, kai ba ka ƙarya. Mi kaj ji a zaure?"

Har yau ina iya jin ɗumin tafin hannunta a tsakar kaina. Zan so in ce maka tausayinta na ji, ko na tsaya ina auna abin da zai fi mata alheri. Ba haka aka yi ba. Duka iri biyu na hango, na maƙaryaci da na mai dogon baki, na tsaya ina lissafin wanne ya fi kusa. Na maƙaryaci sai an kama ni, wutar lahira kuma da sauran tafiya. Na mai dogon baki kuwa yana tsaye a tsakar gida yana gyara hula.

Na ce, "Cewa sunka yi jikin ya matsa."

Ta daɗe tana duban idona, sannan ta sauke numfashi ta ce alhamdu lillahi, tunda da sauran rai. Ba ta yarda da ɗanta ba, malami mai gemu, amma ta yarda da ni.

Daga nan ta ce a ɗebo gero. Ta ce ita ta san ciwon yaron nan, yunwa ce, tun yana ƙarami in ya ƙi abinci furarta ce kaɗai take shiga, mai citta da yawa. Malam ya ce mota za ta tashi. Ta ce mota ba ta ƙarewa a duniya, ba za ta je wa majinyaci hannu rabbana ba. Ka san fura ba abin gaggawa ba ce. Sai an surfa, an wanke, an daka, an tankaɗe, an dunƙula, an dafa, sannan a dawo turmi a kirɓa. Mahaifiyata, wadda ita ma 'yar Kalgo ce kuma Malam ya riga ya raɗa mata gaskiya, ta karɓi taɓarya tana daka kamar ana korarta, hawaye yana zuba tana cewa hayaƙi ne. Malam ya shiga ya fita, ya shiga ya fita. Na ga ya tsaya a bayan uwarsa ya buɗe baki, sai ya rufe ya koma zaure. Kirɓin kuwa Kaka ba ta bar wa kowa ba.

Kafin mu isa tasha motar farko ta tafi, muka zauna jiran ta biyu ta cika. A Birnin Kebbi muka sake jiran wata. Duk hanyar nan ƙwaryar tana kan cinyar Kaka, ta rufe ta da faifai ta lulluɓa mata gefen mayafi don kada rana ta taɓa ta. Tana ta ba ni labarin ƙaninta, yadda ya taɓa faɗawa gulbi yana ƙarami ta jawo shi da ƙafa, yadda yake tsoron allura har ya girma. Aka kira azahar muna hanya, na ga Malam ya runtse ido.

Mun shiga Kalgo la'asar ta kusa. Tun daga bakin lungu muka hango tabarmi a ƙofar gida, maza a jere, ƙafafunsu duk ƙurar maƙabarta. A jikin bango an jingine makara, ba ta gama bushewa ba. Kaka ta tsaya cak. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ta sauke ƙwaryar daga kanta da hannu biyu ta ajiye a hankali, ko faifan bai goce ba. Sai mata suka fito suka kama ta suka shiga da ita. Daga baya aka dama furar aka raba wa masu zaman makoki. An miƙo mini ludayi na sha, don yunwa nake ji. Ta yi daɗi ƙwarai, wannan ma yana cikin abin da yake damuna har yau.

Na yi ta jiran hukunci. A tunanina, tunda na yi ƙarya kuma ɓarna ta biyo baya, dole wani abu ya same ni, ko harshena ya kumbura, ko kunama ta harbe ni. Ba abin da ya faru. A hanyarmu ta komawa ma Malam ya saya mini ƙosai a tasha ya ce na yi hankali. Wannan ƙosai ya rikita mini lissafi fiye da duk wani duka da na taɓa sha.

Kaka ta zauna a Kalgo har aka yi sadakar arba'in, sannan ta dawo. Ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ta ci gaba da kirana maigida, ta ci gaba da ajiye mini ƙanzo. Abu ɗaya ne ya canja: in gardama ta tashi a tsakar gida, ba ta ƙara cewa a kira ni ba, sai ta ce Allah ya san gaskiya. Ba wanda ya lura sai ni. Daga wannan shekara ma'aunina ya sauya, laifi ya koma duk abin da zai sa wanda kake ƙauna ya daina ganinka yadda yake ganinka, ko da ba wanda ya taɓa jikinka. Wata rana ina matsa mata ƙafa na yi ta kewaye-kewaye ina neman hanyar ba ta haƙuri. Na so ta zage ni. Sai ta katse ni ta ce aikena aka yi, in matsa ɗaya ƙafar.

Da na shiga sakandare na karanta littafi biyu da rabi, sai na ga duk garin Gwandu ba mai hankali kamata. Ka san waɗannan shekaru, gemu bai fito ba amma fatawa ta fito. Na yanke cewa ƙarya ƙarya ce, ko wa ya yi ta, ko don me. Wani hutu na tare Malam da maganar, ina jiran ya hau ni da faɗa in ƙara tabbatar da cewa ni ne mai gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ba ni labarin wata mata da aka faɗa wa mutuwar ɗanta tana bakin rijiya, da abin da ya biyo baya. Ya ce shi bai ga aibin a tausaya wa mutum har a kawo shi inda za a riƙe shi ba. Sannan, yana jan carbi, ya ce amma ranar nan daban ce.

"Sa'ad da tac ce a ɗebo gero, nan ya kamata in zamna da ita in hwaɗa mata. Na sani sarai. Tsoro nij ji."

Na tashi daga gabansa ina murnar na ci gardama. Ban tsaya na tambayi kaina tsoron me babban mutum kamarsa yake ji a gaban tsohuwa ba.

Mutuwar Kaka ce ta sauke mini wannan girman kai. Ina kwalejin horon malamai a wani gari, wani ɗan unguwarmu ya same ni a bakin aji ya ce jikin Kaka ya matsa, Malam ya ce in zo. In akwai wanda ya san fassarar wannan magana, ai ni ne. Amma ka san me na yi? Na kama ta na riƙe. Na ce wa kaina wataƙila wannan karon da gaske jikin ne, tsofaffi ai suna kwanciya su tashi. A tasha har farin goro na saya mata. Wannan ɗan zato shi ya kawo ni ƙofar gida da ƙafafuna, inda na tarar da tabarmi. Sai na gane maganar kamar sanda ce, ana miƙa wa mutum ya dogara har ya iso gida. Na ce ashe ana duba niyya, ana duba wanda za a faɗa wa da inda yake tsaye. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na koyar da 'ya'yan wasu, Malam ya rasu gidan ya dawo hannuna, duk ina ɗauka na gama fahimtar wannan babi.

Bara mahaifiyata, Inna, ta faɗi, hawan jini ya shanye mata ɓarin hagu. Allah ya taimaka magana ta dawo, amma likita ya ja mini kunne cewa a kiyaye ta daga duk abin da zai girgiza ta. Abin da yake ɗebe mata kewa a wannan kwanciya shi ne wayar ƙanwarta. Kowace safiya sai sun yi magana, ita a Gwandu, Inna ƙarama a Kalgo, kuma in ka saurara ba komai suke faɗa ba: an yi ruwa, ba a yi ba, yaya gwiwa, jikar wance ta haihu. Su biyu suka rage a ɗakinsu.

Safiyar da aka kira ni aka ce Inna ƙarama ta rasu, ko salati ban gama ba na shiga ɗakin Inna na ɗauke wayarta, na ce zan kai a duba batir. Yanzu ba a aiko saurayi a mota. Kafin a haɗa ruwan wanka hoton mamaci ya gama zagaya wayoyin dangi, wani yaro a Legas ya riga na cikin gida sani. Na kira ƙannena, kowa ya ce ni ne babba, abin da na gani shi ne daidai. Na koma na durƙusa na ce wa Inna an kwantar da ƙanwarta asibiti, zan je in dubo ta. Ta ce in tafi da ita. Na ce hanya ba kyau, likita kuma ya hana. Na tafi Kalgo ni kaɗai, aka yi salla da ni, na sa hannu aka saka ta a kabari, na dawo da yamma na ce da sauƙi, tana gaishe ta. Inna ta san al'adar, da safen ma na ga zargi a idonta. Amma a al'ada ba wanda yake zuwa ya dawo da gaisuwar mamaci, don haka ta yarda.

Niyyata in faɗa mata bayan sadakar uku. Uku ta wuce na ce bari a yi bakwai. Bakwai ta wuce na ce bari a auna jininta tukuna. Aka auna aka ce ya sauka, sai na ce to kada in tayar da shi. Ƙaryar kuma ta yi ta 'ya'ya. Waya ta ƙi gyaruwa. Asibitin ba sa barin majinyaci ya yi magana. Masu zuwa ta'aziyya ina tare su a zaure in roƙe su in sun shiga su ce dubiya suka zo. 'Ya'yana, waɗanda nake yi wa wa'azin gaskiya, na zaunar da su na koya musu abin da za su ce. Inna ta sa aka soya man shanu ta ce in kai wa ƙanwarta, na ɗaura a bayan babur na zagaya na ba mai gadin makarantarmu.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne gaisuwar safe. In na shiga na durƙusa, sai ta roƙi Allah ya tashi kafaɗun ƙanwarta, ya sa kaffara ne, ya maido ta ɗakinta. Ni kuma in ce amin. Wadda take kwance a ƙasa gafara take bukata da sauƙin tambaya, kuma duk duniya ba wanda zai nace wajen roƙa mata wannan kamar yayarta. Ni na tsaya a tsakani na tare mata. Matata ta gaji ta tambaye ni wata rana, ba da faɗa ba, wai ranar da nake jira tana da suna? Na ce ba ta san abin da likita ya ce ba. Ta ce ta sani, tana wurin.

Ranar Juma'ar nan da na iso gida ban shiga ciki ba, na zauna a zaure na yi wa kaina tambayar da na daɗe ina gudu. Ƙaryar da tsofaffinmu suke yi tana da iyaka, tsawonta tsawon hanya ne, a ƙarshenta akwai ƙofar gida da 'yan'uwan da za su riƙe ka. Ni ba inda nake kai Inna, ajiye ta kawai na yi. To wa nake karewa? Na juya tambayar ta kowane gefe, amsa ɗaya take fitowa. Ina tsoron in faɗa ta faɗi, a ce maganar bakina ce ta kashe ta, ƙannena su riƙa kallona da wannan har in mutu. In kuwa ta rasu ba ta sani ba, ba mai cewa laifina ne. Da furfurata da komai, ashe har yanzu abin da zai same ni nake lissafawa. Abin da shekaru suka ƙara mini shi ne iya raɗa wa tsoro suna mai kyau, yau tausayi, gobe bin umarnin likita. Muna faɗa da yaran yanzu da suke watsa mutuwa a waya ba tare da tunanin wanda zai gani ba, kuma sun cancanci faɗan. Amma ni da su abu ɗaya muke gudu, a zauna a gaban mutum a dubi idonsa a faɗa masa.

Washegari da hantsi, bayan ta sha kunu ta sha magani, na sa matata ta zauna kusa da ita a bakin gado, ƙanwata kuma ta zauna ta ɗaya gefen. Ni na zauna a ƙasa. Na shirya kalmomi masu laushi, amma da na buɗe baki duk suka watse.

"Inna, Inna ƙarama ta rasu. An daɗe. Ni na hana a gaya miki."

Ta rufe ido ta yi salati, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Matata tana riƙe da kafaɗarta, ni ina kallon bakinta ko zai karkace. Bai karkace ba. Ta tambayi yaushe, na gaya mata. Hawaye ya gangaro mata, ƙanwata ta share. Na jira faɗa, na jira ta ce in fita mata daga ɗaki, wallahi da ta ce da na ji sanyi. Sai ta tambaya a hankali.

"Wa yay yi mata wanka?"

Na ce matar ɗanta ce da wata maƙwabciya.

Ta gyaɗa kai. Ta ce tun suna 'yan mata, ranar da suka tsaya suna kallo waɗansu da ba dangi ba suka wanke uwarsu, suka yi wa juna alkawari cewa duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta wanke ta. Ba su taɓa gaya wa kowa ba, ba su ga dalili ba. Ko da azumin da ya wuce sun tuna wa juna, suna dariya, kowace tana cewa ita za ta riga.

Sannan ta ɗaga hannunta na dama, ta dubi tafin, ta juya ta dubi bayan.

"Da kun ɗauke ni ko kwance na," in ji ta. "Hannun ga guda ai yana ɗaukar moɗa."